Darasi Ga Masu A-kori-kura: Yadda Ake Canza Dogon Bel Na Inji

Ya ku 'yan kasuwa da dillalai, a wannan fitowa mun ware wannan fili domin motar da ke kai mana kaya kasuwa, watau a-kori-kura, da wani abu guda a cikin injinta wanda galibi ba a tunawa da shi sai ran da ya tsinke. Abin nan shi ne dogon bel na roba da ke zagaye gaban inji, wanda makanikai ke kira fambel. Duk wanda ya taɓa ɗauko kwandunan tumatir daga Kadawa, ko buhunan albasa daga Aliero, ya san kayan gwari ba sa jiran mota ta gyaru. In bel ya tsinke a daji da azahar, kafin a aika gari a sayo wani a dawo, kasuwa ta watse, kaya sun fara ruwa, mai sayen da ke jira ya kama wani. Saboda haka muka ga ya kamata mu yi bayanin yadda ake gane ya gaji, da yadda ake sayen wanda ya dace, da yadda ake ɗaura shi. Ba dole ne kowa ya zama makaniki ba, amma mai motar da ya san abin da zai duba in ya tsaya a kan mai gyara, ba a cika cutarsa ba.

Dattawan direbobi za su tuna a-kori-kura ta Peugeot, 404 da 504, waɗanda suka cika hanyoyinmu a shekarun 1970 da 1980. Bel ɗinsu siriri ne mai kauri, cikinsa a tsuke kamar harafin V na boko, yana zama a cikin kwarin fuli, watau gargaren ƙarfen nan da yake juyawa. Irin wannan bel tsohon abu ne, wani Ba'amurke mai suna John Gates ya ƙago shi a 1917. A zamaninsa in an ƙara wa inji wata na'ura sai a ƙara mata nata bel, har ka ga mota da biyu ko uku, kuma da hannu ake ɗaure su: a sassauta noti, a sa ƙarfe a banƙare altaneta, a mayar da noti. To, a 1979 sai kamfanin Ford ya fito da motarsa Mustang da wani sabon salo, bel guda ɗaya mai faɗi, dogo, wanda ke lanƙwasa yana bi ta kan kowane fuli, nan ya yi ciki, nan ya yi baya. Saboda wannan tafiya tasa ne Turawa suka ciro masa suna daga tafiyar maciji. Sannu a hankali ya kori na da, har ya zama galibin a-kori-kurar da ke shigo mana yanzu, irin su Hilux ta 2005 zuwa sama, shi ne a jikinsu. Mu dai a nan sunan bai canza ba, fambel ake cewa, sai dai mai saye ya san iri biyu ne.

Ga siffarsa. Bayansa sumul yake, cikinsa kuwa da layuka masu bin tsawonsa, tudu da kwari, kamar kunyoyin gona. Can cikin robar akwai zaruruwa masu ƙarfi, su ne ke ɗauke da ja. Ƙarfi yana fitowa daga babban fulin ƙasa, na karanshaf. Daga nan bel ya ɗauka ya kai wa altaneta mai cajin batir, ya kai wa famfon ruwa mai zagaya ruwa tsakanin inji da lagireto, sau da yawa tare da fanka, ya kai wa famfon sitiyari, ya kuma kai wa kwamfuresar na'urar sanyi in motar tana da ita. A wasu injinan dizal famfon sitiyari ba ya cikin wannan jeri, haƙoran giya ne ke juya shi. Ban da waɗannan akwai wasu fuli da ba sa juya komai, aikinsu kurum su nuna wa bel hanya, mu ce da su fulin rakiya. Sa'an nan akwai uban tafiya, watau ajasta: hannun ƙarfe ne mai sifirin a ciki da fuli a bakinsa, yana danne bel kullum don kada ya yi sako-sako. Ku riƙe sunan nan da kyau, domin rabin darasin nan a kansa yake.

Amfanin wannan tsari a fili yake, ba ya cin wuri, ba ya yawan zamewa, ba sai an riƙa ɗaure shi da hannu ba. Aibinsa kuwa, ran da ya tafi komai ya tafi tare da shi. Direba zai ga jar fitilar batir ta kama, sitiyari ya yi nauyi kamar an ɗaure shi, allurar zafi ta fara hawa. Abin yi ɗaya ne, a sauka gefen hanya a kashe inji nan take. Kada direba ya ce bari in lallaɓa zuwa gari na gaba, ga shi can ana hango masallacinsa. Injin da ruwa ba ya zagayawa a cikinsa minti kaɗan ya ishe shi ya ƙone gaskit, ko kan injin ya lanƙwashe, tun da yawancinsu na alminiyam ne. Kuɗin wannan gyara ya ninka kuɗin bel sau da yawa, ban da kwanakin da mota za ta yi a gareji kasuwa na ci. Kuma kada kowa ya buɗe murfin lagireto inji na da zafi, ruwan zai yi tsartuwa ya sale fuska.

Wani abu da ke rikita masu saye, har da wasu dillalan mota: wannan bel dabam, tayimin bel dabam. Tayimin bel yana ɓoye a bayan murfi, haƙoransa a gicciye suke, shi ke daidaita buɗewa da rufewar bawul. Hilux mai injin dizal 2KD tana da shi, ana canza shi a kilomita 150,000, ita kuwa mai injin fetur 2TR sarƙa ce a gurbinsa. In mai sayar da mota ya ce maka an canza bel, tambaye shi wanne.

Yanzu sai mu zo ga gane gajiyarsa, nan ne ilimin da ya tsufa ke yaudarar mutane. Da can ana yin bel da wata roba da ake kira niyofirin, wadda in ta tsufa sai ta tsattsage. Ƙa'idar da makanikai suka koya ita ce, in ka ƙirga tsaga uku a layi ɗaya cikin tsawon inci uku, to bel ya gama aiki. Irin wannan yakan kai kilomita 80,000 zuwa 100,000. Daga ƙarshen shekarun 1990 masu ƙera motoci suka koma wata roba da ake rubuta sunanta EPDM, wadda ta fi jure zafi, tana iya kai kilomita 160,000. Sai dai ita ba ta cika tsagewa ba, cinyewa take yi kamar taya. Tudun layukan ya siranta, kwarin ya buɗe, bel ya nutse cikin fuli har ya zauna a kan ƙoƙon haƙoran ƙarfe maimakon ya kama gefensu, sai ya fara sulɓi. Ka leƙa ka gan shi baƙi wuluk ba tsaga ko ɗaya, ka ce sabo ne, alhali ya ƙare. Kamfanonin bel suna yin wani ɗan ma'auni na roba da ake sawa cikin kwarin a ga zurfinsa. In babu shi, a kara tsohon da sabo a dubi kwarin: na sabo a tsuke yake, na tsoho ya yi faɗi, gindinsa ya zama kamar kwarya.

Kada kuma a dogara da lissafin kilomita kaɗai. Lissafin nan na hanya mai kwalta ne. Motar da ke shiga kasuwannin ƙauye a kan burji, tana shan ƙurar hunturu da zafin bazara, ga lodi har saman kanta, yashi yana shiga tsakanin bel da fuli yana goge shi kamar sanfefa. Ga kuma motocin da aka yi amfani da su a waje kafin su iso mana, waɗanda agogonsu ba kullum yake faɗin gaskiya ba. Ba mu ce da hannun kowa a ciki ba, dillalan mota su yi mana afuwa, amma an san ana mayar da agogo baya. A ganinmu duk lokacin da aka juye baƙin mai a haska bel da tocila, a duba gefensa ko ya fara fitar da zare, ko wani yanki na layi ya ɓalle, ko bayansa ya yi ƙyalli kamar gilashi, ko mai ya jiƙa shi.

Kunne ma yana da nasa aiki. Kuka iri biyu ne. Akwai dogon ihu, ƙiiii, da ake ji da sassafe in an tayar da mota, ko an murɗa sitiyari har ƙarshe, ko an kunna na'urar sanyi. Wannan sulɓi ne, bel ya cinye ko ajasta ta yi rauni. Akwai kuma ɗan gajeren kuka mai maimaituwa, cit-cit-cit kamar na 'yan tsaki, wanda galibi ke nuna wani fuli ya kauce daga layin 'yan'uwansa. Ana rarrabe su da ruwa. A huda murfin gorar ruwa, inji na aiki a hankali, a tsaya nesa a fesa kaɗan a cikin bel. In kuka ya ƙaru, rashin ɗauri ne. In ya ɗauke na ɗan lokaci ya dawo, kaucewar fuli ce. In bai canza ba sam, a zargi boris. Abin da ba mu yarda da shi ba shi ne al'adar nan ta bakin tasha, a goga wa bel sabulu, ko giris, ko a ɗiga masa man birki don ya yi shiru. Zai yi shiru yau, amma mai yana kumbura roba, yana kama ƙura, ka sayi shirun kwana biyu da ran bel ɗinka.

Sai saye. A bayan kowane bel akwai lamba, ita ce sunansa, ita za ka kai wa mai kanti a Ƙofar Ruwa ta Kano, ko Fanteka ta Kaduna, ko Ladipo ta Legas. Misali 7PK1516, irin wanda ake sa wa Hilux mai injin dizal 2KD. Lambar farko, 7, yawan layuka ne. PK girman layin ne, tsakanin layi da layi milimita 3.56, shi ne na kusan duk motoci. Ta ƙarshe, 1516, tsawon bel ne da milimita. Na Amurka sukan zo da wani lissafi na inci, kamar K060735, watau layi 6, tsawo inci 73 da rabi. Sunan mota kaɗai ba ya isa, domin Hilux biyu 'yan shekara ɗaya suna iya shan bamban, wannan fetur waccan dizal, wannan da na'urar sanyi waccan babu. In lambar ta goge, a tafi da tsohon bel, ko a tafi da lambar jikin mota a duba a littafin kaya. In bel ya tsinke ya ɓace a hanya, a bi hanyarsa da igiya a auna, amma wannan kusa-kusa ne kawai zai ba ka.

Mai kanti zai ce maka, "Alhaji, wannan ma zai yi, bambancin kaɗan ne." Milimita biyar ko makamancin haka ajasta za ta shanye. Abin da ya wuce haka da yawa kada ka karɓa. In ya yi tsawo, ajasta za ta kai ƙarshen tafiyarta ba ta danne shi ba. In ya gajarta, an shigar da shi da ƙarfi, boris ɗin altaneta da na famfon ruwa ne za su biya. Bel mai layi 6 a kan fuli mai 7 dabarar fita daji ce, a kai gida a cire. Game da jabu kuwa, ku 'yan kasuwa ba sai mun koya muku ba, sunan da ya yi fice shi ake kwaikwaya. Gates, Dayco, Bando, Mitsuboshi, Continental, duk sanannu ne, amma suna a kwali ba shaida ba ne. A dubi rubutun jikin bel ko yana gogewa da yatsa, a dubi layukan ko sun daidaita, a dubi gefen ko an yanke shi sumul. Wanda ya daɗe a rataye rana na dukansa, ya bushe ya yi tauri, a bar wa mai shi. Kada kuma a naɗe sabon bel a matse shi ko a karya shi gida biyu don ya shiga aljihu, zaruruwan ciki ne ke karyewa ba ka gani. Araha dai ba ta ado, balle a abin da ke ɗauke da lodin mutane.

To, ga aikin kansa. A tsayar da mota a wuri mai daidai, a ja birkin hannu, a bar inji ya huce sarai. A zare makulli a sa a aljihu, a kuma cire wayar batir ta baƙi, mai alamar ragi, domin wasu fankoki na lantarki suna tashi da kansu, kuma ba a rasa yaron mota mai ƙaiƙayin hannu. Mai babbar riga ya tuɓe ta, mai rawani ya naɗe jelarsa, hannun riga a naɗe shi. Wannan ba wasa ba ne, abin da bel ya kama ba ya saki.

Kafin a taɓa komai, a zana hanyar bel. Wannan shi ne matakin da ake rainawa, shi ne kuma ke sa a wuni a kan aikin rabin sa'a. Wasu motoci suna da zanen a manne a cikin murfin inji, amma sau da yawa ya goge ko an canza murfin. A ɗauki hoto da waya ta sama da ta gefe, a kuma ɗauki takarda a zana kowane fuli da da'ira, a ja layi yadda bel ya bi, ta sama ko ta ƙasa. Wanda bel ɗinsa ya riga ya tsinke, ga ƙa'idar da za ta taimake shi: fuli mai haƙora cikin bel yake hawa, fuli mai sumul bayan bel yake hawa. Ko da haka gara ya sami mota irin tasa a tasha ya leƙa, domin a wasu injina bel yana iya shiga ta hanyar da ba tasa ba ya zauna daram, alhali yana juya famfon ruwa baya. Inji zai tashi lafiya, sai an yi nisa zafi ya bayyana.

Sa'an nan a nemo ajasta. A jikinta akwai wurin kamawa, ko dai rami mai kusurwa huɗu na inci 3/8 ko 1/2 da bakin hannun soket ke shiga, ko kan noti da sifana ke kamawa. Sifirin ɗin yana da ƙarfi, saboda haka ana son dogon hannu, in ya gajarta a zura masa bututu. A tura a hankali ta wajen da hannun ajasta ke janyewa daga bel. Wata mota dama ce, wata hagu, hannunka zai gaya maka: in ka ji sifirin yana ja da kai, hanya ke nan, in ka ji noti yana kwancewa, tsaya. Kada a kwance notin da ya riƙe ajasta a jikin inji bel na ɗaure. In bel ya yi laushi, da ɗaya hannun a zame shi daga fulin da ya fi sauƙin kaiwa, gara mai sumul. Yatsa kada ya shiga tsakanin bel da fuli, ko na ƙiftawar ido, domin in sifana ta kuɓuce yatsan ya tafi. Bayan haka a mayar da ajasta a hankali, kada a sake ta ta buga, takan fashe. Wasu suna da ɗan rami da ake zura ƙusa ta riƙe su a buɗe. A motocin da fanka ke gaban inji, sai an bi da bel ta kan fukafukanta ɗaya bayan ɗaya kafin ya fito.

Nan ne mai mota ya kamata ya matso kusa, domin makaniki mai sauri zai ɗauki sabon bel ya ɗaura nan da nan, ga wata mota na jiransa. Ce masa, "Malam, dakata, mu juya fulin tukuna." Bel ba ya cika mutuwa shi kaɗai, sau da yawa wani abu ne ya kashe shi, kuma abin nan yana nan yana jiran sabon. A juya fulin rakiya da na ajasta da hannu. Mai lafiya yana juyawa shiru, da ɗan nauyin giris, ya tsaya da wuri. Wanda ya yi ta gudu yana shuuu, giris ɗinsa ya ƙare. Wanda ke gurzawa ko yana rawa in an girgiza shi, boris ya tafi. A kama fulin famfon ruwa a jijjiga, a duba ƙarƙashinsa ko akwai sawun ruwa da ya bushe, fari ko ja ko kore. A dubi babban fulin karanshaf, yawancinsu akwai zoben roba tsakanin ƙarfen ciki da na waje, in ya tsattsage ko ya fara fitowa, fulin zai riƙa rawa yana jefar da bel. Altanetar motocin dizal da yawa tana da fuli mai kama ta gefe ɗaya ya saki ta ɗaya gefen, in ya kafe ta duka biyun zai riƙa fizgar bel yana wahalar da ajasta. In an ga baƙin mai yana tsiyaya daga gaban inji, a toshe shi tukuna, in ba haka ba sabon bel zai sha mai ya lalace kamar na farko. A sa buroshi a share kwarin kowane fuli, a ciro tsakuwa da robar da ta daskare. A kara miƙaƙƙen ƙarfe a fuskar fuli biyu a ga ko layinsu ɗaya.

Ita kanta ajasta, a sa sifana a kai ta a dawo da ita. Tafiyarta ta zama sumul, da ƙarfi daga farko har ƙarshe, ba tsayawa, ba ƙara, hannun kuma kada ya karkace. Masu ƙera bel suna cewa a canza ajasta tare da bel, domin kusan tare suke tsufa. Wani zai ce ai ciniki suke nema. Da gaskiyarsa, amma mu yi lissafi irin namu na kasuwa: kuɗin aiki sau ɗaya za ka biya, tsayuwar mota sau ɗaya ce, kuma ajastar da ta yi kilomita 150,000 ba za ta sake yin wasu 150,000 ba. In an tabbatar tana da sauran ƙarfi a bar ta, in ana shakka a canza. Sabon bel a kan matacciyar ajasta kuka zai fara cikin 'yan makonni, sai a zagi mai kanti a ce ya sayar da jabu, alhali ba laifinsa.

A kara sabo da tsoho, a ƙirga layuka, a gwada tsawo. Tsohon yakan ɗan fi sabon, amma kaɗan. Sa'an nan a fara ɗaurawa daga fulin karanshaf na ƙasa, a bi zane, a bar fuli ɗaya na sama, mai sumul in da hali, ya zama na ƙarshe. A tura ajasta, a zura bel da tafin hannu, a sake ta a hankali. In ya ƙi shiga, kada a sa sukudireba a banƙare shi, wannan yana yanka zaruruwa. Ƙin shiga yana nufin ɗaya daga uku: hanya ta kuskure, ko bel ya hau gefen wani fuli bai zauna ba, ko lambar ba ita ba ce. Bayan ya shiga a bi kowane fuli da tocila da yatsa, musamman na ƙasa da ido ba ya kaiwa, a tabbatar kowane layi ya faɗa kwarinsa. Kaucewar layi ɗaya tak ta isa ta tsarge gefen bel kafin a fita gari. Yawancin ajasta suna da 'yar alama a jiki, kibiya da zane biyu, da sabon bel kibiyar ta tsaya tsakaninsu.

A kwashe kayan aiki duka, a ƙirga su, a mayar da wayar batir, a tayar da inji. A tsaya daga gefe a kalla na minti ɗaya ko biyu. Bel ya tafi a miƙe ba ya yawo, hannun ajasta ya riƙa ɗan motsi kaɗan, in yana tsalle akwai sauran magana. A kunna fitilu da na'urar sanyi, a murɗa sitiyari dama da hagu, a saurara. Jar fitilar batir ta mutu, mai ma'aunin lantarki ya ga wajen volt 13.5 zuwa 14.5 a kan batir. A kashe, a sake leƙawa. Akwai motocin da bel ɗinsu mai layuka ne amma ajastarsu ta noti ce, ba sifirin, waɗannan sai an dawo bayan 'yan kwanaki an ƙara ɗauri, domin sabon bel yana ɗan saki in ya zauna. Akwai kuma wani ɗan gajeren bel mai talewa da wasu sababbin motoci ke sa wa kwamfuresa, ba shi da ajasta sam, yana da nasa ƙarfen ɗaurawa, a kai wa wanda yake da shi.

Dillalin da aka aika ya duba mota, ya nemi a tayar masa da ita da safe inji na sanyi, lokacin ne kuka ke fita. In ya tarar an riga an ɗumama ta kafin ya iso, ko ya ga bel yana sheƙi da danshi, ya san an yi mata kwalliya, ya sa kuɗin bel da ajasta cikin tayinsa. Mai mota kuwa ya rubuta ranar da aka canza da lambar agogo a littafin lissafinsa, tare da lambar bel. Tsohon bel in bai tsinke ba kada a yar, a goge shi a sa a leda a bayan kujera, inda rana da mai ba sa kaiwa, tare da sifanar da ta dace da ajasta, da bututun ƙara mata tsawo, da takardar zanen nan. Direban ma a sa shi ya cire ya mayar sau ɗaya a gida da hannunsa, maigida na kallo, kafin a sake ɗora masa lodi zuwa Wudil ran Juma'a.